Shekara guda ina biyan adaidaita kuɗin wata daga bayan garin Damagaram

Mata uku cikin ƴan adashenmu sun yi mini tambaya iri ɗaya a wata guda: yaya nake yi da yara da kasuwa tun da muka koma bayan gari, kuma wannan abonema, wato biyan kuɗin wata, da nake yi da mai adaidaita, da riba ko zubar da kuɗi ne? Biyu daga cikinsu mazansu sun fara zuba bulo a filayensu, ta ukun har an yi rufi, ƙofofi suka rage. Na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya, da daɗin da ɗacin, kowace ta karanta ta yi lissafinta kafin ta ɗaure kaya.

Ni ƴar Birni ce. Can aka binne cibiyata, can kuma aka kai ni ɗaki, a gidan su maigidana da bai fi tafiyar minti 5 daga ƙofar fada ba. Ina da rumfa a Kasuwar Dole, ina sayar da atamfa da mayafai da turaren wuta. Shekara 16 na yi a wancan gida ban taɓa ware kuɗin abin hawa a cikin lissafin wata ba. Yara a ƙafa suke zuwa lakwal, wato makaranta. Ni ma idan ba dila na ɗauko ba, da ƙafata nake isa kasuwa, ina gaisawa da mutane lungu-lungu.

Kowa ya san abin da daminar 2024 ta yi mana. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa da ya haura shekara 150 a tsaye, ya zube a gaban idon jama'a. Kwanaki kaɗan bayan haka bangon ɗakinmu na gabas ya tsage tun daga sama har ƙasa, da asuba ya kwanta. Allah ya tsare, ba kowa a ciki. Gidan na gado ne, magada da yawa, kowa na jiran wani ya fara. Maigida malamin lakwal ne a wani ƙauye wajen Magarya, sai Jumma'a da yamma yake dawowa da babur ɗinsa. Da ma yana da fili da ya saya tun shekarun baya a gabashin gari, wajen hanyar Mirya, ya tada ɗaki biyu bai ƙarasa ba. Muka yi rufi cikin gaggawa, muka tare kafin a koma lakwal a Oktoba.

Damagaram ta yi faɗi fiye da yadda ƴan cikin gari ke zato. A ƙidayar 2012 mutanenta sun haura 300,000, an raba ta gunduma 5, kuma daga lokacin zuwa yau ba a daina yanka filaye ba. Ka bi hanyar Tanut, ka bi ta Magarya, ka bi ta Yamai ko ta Mirya, duk inda muka sani gonar gero ce da kuka da gawo, yanzu tulin bulo ne da katanga rabi. Mutanen da ke zaune a waɗannan wurare mu ne: ƴaƴan Birni da Zongo da Sabon Gari da gidajen iyaye suka yi wa kaɗan, da malaman lakwal, da ma'aikatan likita, da ƙananan ƴan kasuwa. Kwananmu yana bayan gari, amma abincinmu da karatun ƴaƴanmu da danginmu da makabartar iyayenmu duk suna ciki.

Ba zan raina aikin gyaran gari na Zinder Sabuwa ba. Lokacin da aka kawo mana bikin 18 ga Disamba na 2018, cikar Jamhuriya shekara 60, na ga garin nan ya sake kama da idona. An shimfiɗa kwalta da pave a titunan da muka saba da ƙura, an kafa fitilu, an gyara mahaɗar hanyoyi, ita ma kasuwarmu a shekarun nan aka sake gina ta. An tashi rumfunan bakin titi da yawa, masu su sun ji jiki, amma hanya ta buɗe. Garin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926 ya cancanci fiye da haka ma. Sai dai aikin ya tsaya inda gari ya tsaya a wancan lokaci. Daga rumfata zuwa inda ake sauka daga kwalta a shiga unguwarmu, tafiya ce sumul ta kilomita 5 ko 6. Daga nan zuwa ƙofar gidana kuwa bai kai kilomita 2 ba, amma rairayi ne mai cin ƙafa, da wani kwari a tsakiya. Duk abin da zan faɗa a kan adaidaita, a kan wannan ɗan guntun hanya ya rataya.

Taksi ba ya shiga, ko an roƙe shi. Kabu-kabu na shiga, ya fi sauri kuma ya fi araha ga mutum ɗaya, amma ni mace ce mai ƴaƴa uku da ƙunshin atamfa, kuma na taɓa ganin yadda babur ke watsar da mutum idan tayar gaba ta nutse a rairayi. Babbar ɗiyata ta shiga kwaleji, ubanta bai yarda ta riƙa hawa bayan samari kullum ba, ni ma ban yarda ba. Adaidaita ce ta rage. Ƙanana ba su san daga Kano sunan ya zo ba. A zamanin gwamna Ibrahim Shekarau aka yi shirin gyaran tarbiyya mai suna A Daidaita Sahu, aka kawo waɗannan kekuna masu ƙafa uku musamman don mata su huta da hawa acaɓa, sunan shirin ya bi su. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013 sai suka cika gari, daga can suka gangaro mana. Ƙirar Indiya ne, Bajaj da TVS, injin a baya, tayoyi ƙanana. Ƙanƙantar tayar nan ita ce ke sa su shiga lungunan da mota ba ta isa ba, ita ce kuma ke kayar da su a rairayi.

A watanmu na farko taren adaidaita muke yi a bakin hanya. Mu fito da ƙarfe 6 da rabi, mu taka rairayin nan a ƙafa, ƙaramin yana kuka takalminsa ya cika da ƙasa, mu tsaya ƙarƙashin wata dogon yaro muna ɗaga hannu. Da safe duk wanda ya zo daga gabas a cike yake zuwa. Da yamma kuma a bakin kasuwa, da na faɗi sunan unguwa sai in ga fuska ta sauya.

"Hajiya, bakin kwalta ko ciki?"

"Ciki, ɗan nan. Ka ga kaya."

"Bakin kwalta dala 40. Ciki kuwa sai dai ki ɗauke ni duka, dala 200."

Ga ƴan uwanmu na Najeriya da za su karanta, dala ɗaya sefa 5 ce, jaka kuma sefa 1,000. Wato kilomita 6 na kwalta sefa 200, ƙarin abin da bai kai kilomita 2 ba ya mai da shi jaka guda. Da farko na ɗauka zalunci ne tsagwaronsa, har na yi musayar magana da wasu. Sai da na zauna a ciki ana tura shi, ina jin warin kuloci yana ƙonewa, direba ya sauka yana tura keken da kafaɗa hannunsa ɗaya a kan totur, sannan na gane. Ga mai da ake sha a giya ta ɗaya, ga ƙura da ke toshe matatar iska, ga shi zai fito fanko don babu fasinjan dawowa. A wancan wata na kashe kusan jaka 44 a kan hanya kawai.

Wata maƙwabciya ta haɗa ni da wani yaro da ke kwasar ƴan lakwal a layinmu. Shi ne abonemata ta farko, kuma ina faɗinta ne don kada wata ta faɗa ramin da na faɗa. Araha ta ja ni, jaka 4 kowane yaro. Ban tambayi yara nawa yake ɗauka ba. Ashe 9 ne, wani lokaci 10: huɗu a kujera, uku a kan cinyoyinsu, biyu a gefensa na gaba, ɗaya a wurin kaya. Shekarunsa ba su fi 18 ba, kiɗa a kunne, ga gaggawa don yana da zagaye na biyu a wata unguwa. A sati na uku ya sha kwana da gudu a inda rairayi ya haɗu da kwalta, keken ya kwanta a gefe. Ɗana na tsakiya ya dawo da gwiwar hannu a saɓule, wata yarinya ta fasa leɓe. Yaron ya zo har gida da wansa suka ba da haƙuri, na haƙura, amma ban sake ba shi ƴaƴana ba. Rabin laifin na masu ba yara irinsa keke ne su ce kullum sai an kawo musu kaza, ko ta halin ƙaƙa.

Wanda nake tare da shi yanzu limamin masallacin unguwarmu ne ya nuna mini shi. Magidanci ne, zai yi shekara 40, ɗan Garin Malam, ya daɗe yana kabu-kabu kafin ya karɓi adaidaita a hannun wani ɗan kasuwa, yana biya sati-sati, idan ya gama biya ta zama tasa. Ranar da muka yi magana maigida yana nan, a zaure suka zauna ina daga ciki. Abin da ya fara burge ni, shi ya fara kafa sharaɗi kafin mu kafa namu. Ya ce yara 5 yake ɗauka, ba ya ƙarawa. Ya ce ƙarfe 7 saura kwata yana ƙofar gida, zai yi oda sau biyu, ya jira minti 5, don akwai ƴaƴan wasu a ciki. Ya ce kuɗinsa ranar 5 ga wata, idan da matsala a faɗa masa tun kafin ranar. Muka daidaita a kan jaka 6 kowane yaro, kai da ɗauko, Litinin zuwa Jumma'a. Ni kuma jaka 7, ya dawo ya ɗauke ni bayan ya sauke su, ya kai ni kasuwa da kayana. Jimla jaka 25. Da rana yaran gidan goggonsu suke zuwa a Birni su ci abinci, don haka sau biyu kawai ake jigilarsu. Wadda ba ta da inda ƴaƴanta za su yini a cikin gari ta sa wannan a lissafi tun yanzu, sawu huɗu ba kuɗinsu ɗaya da sawu biyu ba.

Cikin watannin karatu, ranakun da ya makara ba su fi a ƙirga da yatsun hannu biyu ba, kuma yawanci yakan kira. Ya san hanyar kamar tafin hannunsa: inda zai hau gefen da ciyawa ta riƙe ƙasa, inda zai rage iskar taya kaɗan lokacin bazara, inda zai ce wa manyan yara su sauka su taka taku 20. Ba ya sa kiɗa idan da yara, rediyo yake kunnawa ƙasa-ƙasa. Ba ya barin ƙaramin a bakin titi, sai ya ga ya shige ƙofar lakwal. Yarana Kawu suke ce masa. Wata rana ɗiyata ta manta jakarta da kuɗin jarrabawa a ciki, bayan isha'i ya dawo da ita tun daga Garin Malam, bai karɓi ko dala ba. Da hunturu ya sa an ɗinka masa labulen leda mai kauri a gefe biyu, da kuɗinsa. Duk da haka yara kan iso da gira fari fat, kuma ƙaramin ya sha tari a Janairu. Adaidaita ba ta da gilashi, wannan ba abin da direba zai iya a kai.

Akwai abubuwan da ba na jin daɗinsu, kuma na faɗa masa a gabansa kafin in rubuta a nan. Keken ya tsufa. Sau uku ya mutu mana a hanya, sau ɗaya da tsakar rana a watan Afrilu, zafin da ya haura 40, ina zaune da atamfa ta jaka 200 a bakin titi yana kwance a ƙasa yana kwance fulogi. Idan keken ya kwana a gareji babu wanda zai maye gurbinsa. Yakan turo wani abokinsa idan ya samu, idan bai samu ba sai mu koma ƙarƙashin dogon yaro, kuma ba a rage kuɗin ranar daga na wata. Na yi magana, ya ce shi ma mai keken ba ya rage masa. Na fahimta, amma har yanzu ina ganin ya kamata a raba asarar biyu. Sannan idan ya ɗauke ni ni kaɗai, ba ya ƙin tsayawa ya ƙara fasinja a hanya, har da namiji a gefensa na gaba, wani lokaci a yi ta zagaye ana sauke mutane a Sabon Gari kafin a kai ni. Ranar Alhamis, da kasuwa ke ci sosai, wannan zagaye ya sha sa ni rasa cinikin safe. Dawowata da yamma kuma ba ta cikin abonema, don ba ni da tsayayyen lokacin tashi. Nan kam har gobe ciniki nake yi a bakin kasuwa.

Maganar mai ba ta rabuwa da maganar adaidaita. Matatar SORAZ tana nan arewa da mu, wajen kilomita 50 a hanyar Tanut, tun 2011 take aiki, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana. Amma shekara da shekaru masu babur da adaidaita a garin nan man ruwa-ruwa suke sha, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya ana jera shi cikin kwalabe a kan tebur, don ya fi na gidan mai araha. Da shugaba Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, wannan araha ta ƙare, kowa ya koma famfo. A Yulin 2024 gwamnati ta sauke litar esansi, wato fetur, zuwa sefa 499, aka ɗan numfasa. Sai ga ƙarancin mai na watan Maris 2025, ana cikin azumi. Mai adaidaitarmu a layin gidan mai yake yin sahur. Kwana biyu bai zo ba sam, sauran kwanakin yana zuwa ido jajur. Ya nemi ƙarin jaka 3 na wannan wata kaɗai, ya ce idan abu ya daidaita zai koma tsohon kuɗi. Na ba shi ina shakka, don a kasuwa na san abin da ya hau ba ya sauka. Watan da ya biyo baya na miƙa masa jaka 28 da gangan, ya ƙirga, ya maido mini 3.

Sai daren da ba zan manta ba. Maƙwabciyata ta jikin katanga yarinya ce, cikin fari, mijinta gadi yake yi a cikin gari, sai safe yake dawowa. Cikin sanyin Janairu, wajen ƙarfe 2 na dare, ƙanwar mijinta ta buga mini ƙofa. Naƙuda ta zo da jini. Layinmu ba mai mota, lungunanmu ba su da suna, ko ka kira wani daga gari ba ka da abin da za ka kwatanta masa sai "bayan gidan da ba a yi wa rufi ba". Na kira mai adaidaitarmu hannuna na rawa. Ya ɗauka a kira na biyu.

"Hajiya, lafiya?"

"Malam, haihuwa ce, kuma ba ta zo da sauƙi ba."

"Ku shimfiɗa mata bargo, ku fito da ita zaure. Ga ni nan."

Kafin rabin awa muka ga fitilarsa tana tsalle a cikin rairayi. Na zauna na rungume ta, ƙanwar mijin ta riƙe ƙafafunta. Wannan guntun hanya da muke yi a minti 7, a daren nan ya fi mana kwata, don duk ramin da ya faɗa sai ta yi ƙara, shi kuma yana ta "sannu, sannu, mun kusa kwalta". Da muka hau kwalta kuwa kafin in gama karanta abin da nake karantawa mun isa likitar haihuwa. Ta sauka lafiya da asuba, namiji. Ungozomar ta ce da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Kuɗin mai kawai ya karɓa, shi ma sai da mijin ya matsa. Na sani sa'a muka yi wayarsa na kunne, don akwai daren da na kira shi a kan zazzaɓin ɗana na same ta a kashe. Tun daga ranar nake ajiye lambar masu adaidaita uku.

Damina ita ce jarrabawar gaske. Allah ya sa yawancinta a cikin hutun lakwal take faɗawa, amma ni kasuwa ba ta hutu. Kwarin nan na tsakiya idan aka yi ruwa mai ƙarfi a Agusta tafki yake zama, ya kwana uku bai janye ba. Garinmu a kan dutse yake zaune, shi ya sa ruwan sama ba ya nutsewa da wuri, shi ya sa kuma ruwan sha sai an jawo mana shi daga nesa, daga Gogo da Macaya a kudu, da Arunguza da Ganaram a arewa. Idan kwarin ya cika, mai adaidaitarmu yakan tsaya a wancan gefe ya kira ni, ya ce ba zai shiga ba, ruwa zai shiga salansa ya kashe injin. Ranar farko na ji haushi. Da na ga wani ya gwada, keken ya mutu a tsakiya da mata biyu a ciki ruwa har gwiwa, na daina jin haushi. Sai in naɗe zane, in ɗora ƙunshi a ka, in bi ta gefen katangu. Masu ga-ruwa ma a nan kurarsu ke maƙalewa, kuɗin jarka ya ƙaru a ranar.

Daminar nan ce ta sa mazan unguwa suka zauna bayan sallar Jumma'a. Aka yanka wa kowane gida jaka 2, mai hali ya ƙara. Mu mata muka bi gida-gida muka tara, don mu muka fi sanin wanda ke ciki da wanda ya yi tafiya. Gidajen da ba a tare ba aka nemi masu su ta waya, wasu suka aiko, wasu suka ce sai sun tare. Abin da aka samu ya sayi tifa 6 ta jan tsakuwa da ɓaraguzan gini. Matasa suka baje da shebur ranar Lahadi, masu adaidaita huɗu da ke shigowa unguwar suka zo suka taya, namu har da kawo shayi. Ba a gyara hanyar duka ba, wurin da ya fi muni kawai aka cike, abin da bai fi taku 300 ba.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa na ga rubutun nan ya zama dole. Cikin sati biyu, masu adaidaitar da ke ce mini "sai dai ki ɗauke ni duka" suka fara cewa "kawo dala 60". Ba wanda ya yi musu doka, ba wanda ya roƙe su. Hanya ta yi daɗin shiga, suka fara shigowa, da suka yawaita sai aka sami fasinjan dawowa, kuɗi ya sauka da kansa. Yanzu da safe har masu adaidaita biyu ko uku ke tsayawa a bakin masallaci suna jiran fasinja. Tifa 6 ta yi wannan. Ina tuna haka duk lokacin da na ji labarin layin dogon da ake ja daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ina yi wa Maraɗawa murna da zuciya ɗaya, kuma ina fatan wata rana ya iso mu, mu da Kano ba ta fi mana nisan kilomita 240 ba. Kafin wannan rana, abin da bayan garin Damagaram ke nema ƙarami ne: duk inda za a yanka filaye a fara zuba jan tsakuwa a babban layi ɗaya, a haƙa wa ruwa hanyar wucewa, kafin a miƙa wa mutane takarda. Sannan a sami manyan motocin bas a kan hanyoyin nan huɗu, masu tsayayyen lokaci da tsayayyen kuɗi, adaidaita ta riƙa kwaso mutane daga lunguna tana kawo musu. Masu adaidaita ba za su rasa abinci ba, gajeren sawu mai yawa ya fi musu dogon sawu da dawowa fanko. Namu da bakinsa ya faɗa mini haka.

Ga ƴan adashena, lissafina na yanzu, ban da ɗan ƙarin da zan faɗa a ƙarshe, shi ne jaka 25 na abonema, da wajen jaka 8 na dawowata da yamma, jaka 33 ke nan a watan karatu. Ya fi jaka 44 sauƙi, amma ya kusa kuɗin hayar ciki da falo a wasu unguwannin cikin gari. Filin da aka ce muku ya yi araha, ku tambayi nisansa da kwalta, ku je ku gan shi a Agusta, ku taka hanyar da ƙafarku tare da ƙaramin ɗanku. Idan kun tare, ku yi abonema, na yarda da ita. Amma ku ga direban ido da ido, maigida ko wani babba yana wurin. Ku tambayi yara nawa, ku fito wata safiya ba sanarwa ku ƙirga da kanku. Ku tambayi wa zai zo idan keken ya lalace. Wanda ya faɗi kuɗin da ya yi ƙasa sosai, da yawan kawuna zai cike.

Da aka koma lakwal a Oktoban nan mun sabunta abonema da mai adaidaitarmu. Na buɗe shafi a bayan littafin bashin rumfata na rubuta sharuɗɗan, har da sabo guda da ya yarda da shi bayan mun ja: ranar Alhamis ba zai ƙara fasinja ba sai ya sauke ni, ni kuma na ƙara masa dala 100 a wata. Ya ce saura wata 4 ya gama biyan keken, daga nan zai sauya inji. An fara maganar tara kuɗin tifa ta biyu bayan an gama girbi, wannan karon daga masallaci zuwa layinmu. Ɗaya daga cikin yara biyar ɗin iyayensa sun koma Tanut, gurbi ɗaya ya buɗe. Na ce masa ya riƙe wa ɗiyar ƙawata da ƙofofi suka rage mata, zuwa ƙarshen wata.